3.4 Haƙƙin Mallaka da Alamar Kasuwanci Game da Kwaikwayon Filayen Ƙwallon Lambu a Wasannin Kwamfuta

A shekarar 1990 kamfanin Access Software na Amurka ya fitar da wasan Links ɗauke da filin ƙwallon lambu, watau golf, na Torrey Pines. A wannan shekara kuma Electronic Arts ya fitar da PGA Tour Golf ɗauke da filin Sawgrass na jihar Florida. Tun daga lokacin, sanya filayen ainihi ya zama abin gasa a tsakanin kamfanoni. Wannan sashe zai duba abin da doka take karewa a jikin fili, wanda ya sa ake biyan kuɗin lasisi kafin a kwaikwaye shi.

Da farko za a iya zaton haƙƙin mallaka ne, tun da yake kowane fili yana da wanda ya tsara shi. To amma a dokar Amurka lamarin ba haka yake ba. Zanen da mai tsarawa ya yi a takarda yana da kariya, kamar kowane zane. Shi kuwa filin kansa, watau tudu da kwari da ciyawa da rairayi, matsayinsa yana da rauni. Gyaran da aka yi wa dokar a 1990 ya kare gine-gine ne, fili kuwa ba gini ba ne. Bugu da ƙari, a shari'ar Kelley da hukumar wuraren shaƙatawa ta Chicago a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta ce lambun furanni mai rai ba ya samun haƙƙin mallaka, domin tsiro yana girma yana sauyawa, kuma ba mutum ne yake ƙago kamanninsa ba. Wannan hujja tana iya hawa kan filin golf ba tare da wata wahala ba.

Shari'ar da ta fi haskaka batun ba ta ma shafi kwamfuta ba. A 1992 kamfanin Tour 18 ya buɗe fili a garin Humble kusa da Houston, inda ya kwaikwayi ramuka 18 daga shahararrun filayen Amurka, yana kuma ambaton sunayensu a tallarsa. Masu filaye uku suka kai ƙara: Pebble Beach saboda raminsa na 14, Pinehurst saboda rami na 3 na filinsa mai lamba 2, sai Harbour Town saboda rami na 18. Sun dogara ne da dokar alamar kasuwanci, wadda take kare suna da tambari da kuma kamannin da jama'a suke gane mai kaya da su. Kotun tarayya ta yanke hukunci a 1996, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da mafi yawansa a 1998.

Abin lura shi ne yadda kotu ta rarrabe ramukan. Na Pebble Beach da na Pinehurst ba su sami kariya ba, domin ba a nuna cewa mai kallo zai ga siffarsu ya gane daga inda suka fito ba. Na Harbour Town kuwa ya samu, saboda hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ratsin ja da fari da ake hangowa a bayansa, wadda aka daɗe ana talla da ita. Aka umurci Tour 18 ya cire hasumiyar da ya kwaikwaya. Aka bar shi ya faɗi sunayen filayen domin bayyana ramin da ya kwaikwaya kawai, da sharaɗin ya sanar cewa ba shi da alaƙa da su. Ke nan abin da ya tsira a hannun masu ƙara shi ne suna da alama; shimfiɗar ƙasa, wadda ita ce ainihin aikin mai tsarawa, ta kuɓuce wa biyu daga cikinsu.

Idan aka ɗora wannan a kan wasannin kwamfuta, za a ga cewa haɗarin mai kwaikwayo yana cikin suna da tambari, kamar itacen nan ɗaya tilo da Pebble Beach yake amfani da hotonsa. Gaskiya ne wasanni suna da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2008 kotu ta wanke masu wasan Grand Theft Auto: San Andreas, waɗanda suka kwaikwayi wani gidan rawa na Los Angeles mai suna Play Pen suka kira shi Pig Pen. Sai dai a can gidan ado ne kawai na gefen titi. A wasan golf filin shi ne hajar da ake sayarwa, kuma mai saye ya saba ganin filaye masu lasisi, don haka ya fi sauƙi ya ɗauka da yardar mai fili aka yi. Wannan ne ya sa 'yan wasa masu gina filaye da kansu, a wasanni irin su The Golf Club na 2014, sukan kwaikwayi ramuka daidai-wa-daida sannan su laƙaba wa filin wani suna dabam.

Akwai kuma dalilin da bai shafi doka ba, watau shiga filin. Augusta National kulob ne na 'ya'yansa kaɗai, ba kowa yake taka shi ba. Lokacin da ya shiga wasan Tiger Woods PGA Tour 12 a 2011, sai da aka bar ma'aikatan Electronic Arts suka auna shi da na'urar leza. Irin wannan awo ba ya samuwa daga hoton talabijin.

A Koriya ta Kudu an bi wata hanya dabam. A 2020 kotun ƙoli ta ƙasar ta samu kamfanin Golfzon, mai na'urorin buga golf a gaban allo, da laifin gasar da ba ta dace ba, saboda ya ci moriyar filayen da wasu suka zuba jari a kansu ba da izininsu ba. A Amurka kuwa, 'yan majalisar wakilai Brian Fitzpatrick da Jimmy Panetta sun gabatar da ƙudurin BIRDIE a 2024 domin a shigar da filayen golf cikin dokar haƙƙin mallaka. Wa'adin majalisar ya ƙare a farkon 2025 ba tare da an zartar da shi ba.