Gwajin Jinin da ke Ba da Labarin Zuciyar Mai Jego

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Talata Mafara, Bakura da Maradun, idan mai jego ta fara haki, ƙafafunta suka kumbura, mukan ce gajiyar haihuwa ce. Sau da yawa ba haka ba ne. Akwai ciwon zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Naman zuciya yakan yi rauni ya kasa tura jini, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu.

Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ciwon nan ya fi yawa a duniya. A 1978, likitoci Davidson da Parry sun ba da rahoton mata 224 da ya kama a Zariya. A 2007 kuma, wani bincike a Sakkwato ya samu mace ɗaya cikin kowace haihuwa 102.

Yaya gwajin yake?

Idan zuciya ta sha wuya, takan saki wani sinadari cikin jini mai suna BNP, wanda masana a Japan suka gano a 1988. Aikinsa shi ne ya sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa don a rage wa zuciya nauyi. Likita yakan ɗebi jini kaɗan ya auna shi, ko ya auna ɗan'uwansa NT-proBNP. Idan an kawo mai haki cikin gaggawa, awon NT-proBNP bai kai 300 ba, da wuya a ce zuciya ce. Idan kuwa ya yi sama ƙwarai, haɗarin ya yi yawa, har na rasa rai, sai a tsananta kulawa. Tsufa da ciwon ƙoda su ma suna ɗaga awon, ƙiba tana rage shi. Shi ya sa likita yakan tabbatar da hoton zuciya, irin wanda ake ɗauka a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Me za mu yi?

Gwajin ba a kowane asibiti ake samunsa ba, amma alamun kowa na iya gani: haki, kumburi, tari da dare, da kasa kwanciya sai an jingina. Mata masu zuwa barka, ku sa ido. Magidanta, kada a jira suna ya wuce, a kai ta babban asibiti ranar. Mai irin wannan kumburi ta daina kunun kanwa, domin kanwa kamar gishiri take, tana tara ruwa a jiki. Wadda ta taɓa yin ciwon kuma ta ga likita kafin ta sake ɗaukar ciki. Mata da yawa suna warkewa idan an fara magani da wuri.