Abin da Sabon Shiga Zai Tarar a Wasan Dambe

Dambe wasa ne da aka san Hausawa da shi tun kaka da kakanni. Asalinsa wasan mahauta ne, kuma da kaka ake yin sa, bayan an kawar da amfanin gona. Yanzu kuwa ya shigo birane. A unguwarmu, watau Unguwar Sanusi, da maƙwabciyarmu Tudun Wada, yara da yawa sukan naɗe hannu da tsumma, kowa yana ganin ƙarfi kaɗai ya isa. Shi ya sa na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai abin da mai son koyo zai tarar.

Da farko dai sai ya sami ubangida, domin ba a shiga dambe da ka. Yaro yakan bi wani gwani, ya ɗaukar masa kaya, ya ɗebo masa ruwa, ya zuba ido yana kallon yadda ake naɗa zare. In ya fara fitowa fili, da sunan ubangidan nan za a san shi, a ce Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane idan da hagu yake bugu. Haka kuma zai shiga ɓangaren da ubangidansa yake, ko Kudu, ko Arewa, ko Jamus, ko Guramaɗa.

Na biyu, tsayuwa ake fara koya kafin naushi. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da zare, shi ne na bugu. Ɗayan kuwa a buɗe yake, ana miƙa shi gaba don kariya da auna nisan abokin karawa. Sabon shiga zai daɗe yana wannan tsayuwa, ga gudun asuba, har cinyoyinsa da kafaɗunsa su yi tsami. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, sai a ce an kashe shi, watau an ci shi ke nan. In an gama ba wanda ya faɗi, sai a raba su, a ce babu kisa. Mai koyo zai sha faɗuwa, kuma wannan ba abin kunya ba ne, don da rarrafe yaro kan tashi.

Na uku shi ne kiɗa. Makaɗa sukan buga kalangu, kowane gwani da takensa, in ya ji sai ya tsumu ya shiga kirari. Marigayi Ɗan Anace ya yi suna ƙwarai wajen wasa Shago. Amma sabon shiga ba shi da take, sai ya nema da hannunsa. A nan ne wasu kan yi ganganci, kiɗa ya ɗebe su, su tari wanda ya fi ƙarfinsu.

Ba mu kaɗai muke haɗa faɗa da kiɗa ba. A ƙasar Birazil akwai wasan kapuwera, wanda bayi 'yan Afirka suka ƙago. Su ma da'ira suke yi ana kiɗa da waƙa, kuma mai koyo rangajin ƙafa yake fara iyawa kafin shuri. An haramta wasan a 1890, amma a 1932 wani gwani mai suna Bimba ya buɗe makarantar koyar da shi a birnin Salvador. A 2014 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa. Ke nan wasan gargajiya yakan ɗaukaka idan aka tsara koyonsa.

Sai dai fa a sani, dambe yana da haɗari. Ba a sa hular kariya, saboda haka ana zubar da haƙori, ana fasa ido, ƙwaƙwalwa ma takan girgiza. Wanda ya sha naushi a ka, ya ji jiri ko amai, asibiti ya kamata a kai shi nan da nan. Laya ba ta tare naushi, ƙwaya kuwa sai dai ta ƙara jawo masa halaka.

Daga ƙarshe ina roƙon 'yan'uwana kada kowa ya shiga ba da yardar iyayensa ba, kada kuma ya saki karatu. Iyaye su ma su binciki wanda zai koya wa ɗansu. Allah ya kiyashe mu, amin.