Tseren mota: Abin da sabon shiga ya kamata ya sani kafin ya taka totur

Duk matashin da ya baro Kumbotso ya miƙi hanyar Zariya zuwa Kura, ya ga titi shimfiɗe ba gargada, ƙafarsa kan yi ƙaiƙayin taka totur. Bidiyon tseren motoci da ke yawo a TikTok da wasan mota da ake yi a bukukuwan aure sun ƙara cusa wa samari wannan sha'awa.

Sai dai wannan titi na manoma ne. Gonakin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga, suna fito da tumatir da shinkafa, kuma a kan babura da a-kori-kura ake kai su bakin hanya, musamman kasuwar Kwanar Gafan. Ga yara masu tsallaka titi, ga dabbobi.

Yadda ake yi a inda wasan ya samo asali

A Amurka, motoci biyu ne ke jerawa a kan miƙaƙƙen fili mai tsawon mita 402 da aka killace domin tsere kawai. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a kwashe matasa daga titunan jama'a zuwa irin wannan fili. Duk da haka, bayan mutuwar direba Scott Kalitta a 2008, sai da aka rage wa motoci mafi gudu nisan zuwa mita 305 domin su sami wurin tsayawa.

Lissafin da ba ya ƙarya

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ƙafarka ta bar totur ta isa burki, ka riga ka shafe wannan nisa. Idan kuma ka ninka gudu biyu, nisan da burki ke buƙata ya ninku huɗu.

Shawarwari ga sabon shiga

Kada ka yi tsere a titin jama'a. Tuƙin ganganci laifi ne da jami'an FRSC ke kamawa a kai. Nemi killataccen fili da izinin hukuma, 'yan kallo kuma su tsaya nesa, bayan shinge.

Duba tayoyinka. Lambobi huɗu da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar tayar gwanjo kan fashe idan ta ɗau zafi.

Bakanike ya duba burki da mansa. Ɗaura bel, sa hular kwano, kada ka ɗauki fasinja, kuma ka ajiye tukunyar kashe gobara kusa.

Koyi tsayawa kafin ka koyi gudu. Idan mota ta fara gocewa, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka fizgi sitiyari.

Idan haɗari ya auku, lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.