Ƙasusuwan Da Suka Zama Dutse: Daga Jos Zuwa Goronyo

Duk wanda ya tashi a Anguwan Rukuba ya san tonon ƙasa ba baƙon abu ba ne ga mutanen Jos. Wajen haƙar kuza aka fara cin karo da gumakan yumɓu na Nok cikin 1928, irin waɗanda ke ajiye a gidan kayan tarihi da Bernard Fagg ya kafa a Jos cikin 1952. To, amma waɗannan aikin hannun ɗan Adam ne. Akwai abin da ya girme su nesa ba kusa ba, watau ƙasusuwan dabbobin da suka rikiɗe suka zama dutse. Ba a cika samunsu a Jos ba, gama yawancin duwatsun wurin narkakken dutse ne da ya daskare, ba ya adana ƙashi. Mai nemansu sai ya nufi ƙasar Sakkwato.

An daɗe ana gardama a kan irin waɗannan abubuwa. Turawa da yawa sun ɗauka duwatsu ne kawai da suka yi kama da halitta. Alhali tun ƙarni na 11 Albiruni ya dubi ƙasar Indiya ya ce dā teku ce, laka ta cike ta. Sai cikin 1667 wani masani, Nicolas Steno, ya gwada wasu duwatsu masu tsini da haƙoran wani babban kifin teku, ya nuna abu ɗaya ne. Cikin 1796 Georges Cuvier na Faransa ya kawo hujjar da ta fi wuyar haɗiyewa: akwai dabbobin da irinsu ya ƙare ƙaƙaf.

Ɗaya daga cikinsu a ƙasarmu ta kwanta. Cikin 1930 W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, dangin damo, da aka samo a Lardin Sakkwato. Masanan Italiya suka tono ƙari a gundumar Goronyo, cikin 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Ta rayu fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, lokacin da teku ta ratsa inda Hamadar Sahara take yanzu, ta rufe Wurno da Goronyo.

Mai karatu ɗan Sakkwato da ke zaune bakin teku a Ikko kada ya yi mamaki. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, daga ɓawon halittun teku ta taru.