Naan: Burodin Indiya da za ku iya gasawa a gida ba tare da tanderu ba

Duk wanda ya taɓa shiga gidan abincin Indiyawa, ko ya lura da kyau idan an zo wurin cin abinci a fina-finansu, ya ga wani faffaɗan burodi mai laushi da ɗigo-ɗigon ƙuna a jikinsa, ana yagarsa da hannu ana dangwalar miya. Sunansa naan, ana jan wasalin wajen faɗa, kada ku rikita shi da namu "nan" da "can". Kayan haɗinsa babu wanda ba a samu a kantin unguwa. Abin da ke ba mutane wuya shi ne gashin, domin da yawa sun gwada a gida ya fito musu a bushe kamar ƙanzo. A wannan mako za mu ga dalilin haka, da kuma dabarar da ake bi a kauce masa.

Daga ina ya fito?

Kalmar naan daga harshen Farisanci take, ma'anarta burodi kawai. Ana cin ire-irensa a Iran da Afganistan da Pakistan da arewacin Indiya. Mawaƙin fadar Delhi, Amir Khusrau, wanda ya rasu a 1325, ya ambaci naan ɗin tanderu a rubuce-rubucensa, wato ke nan abincin ya haura shekara 700 a wannan yanki. Ya ƙara bazuwa bayan 1947, lokacin da aka raba Indiya da Pakistan, mutanen yankin Punjab da suka yi hijira zuwa Delhi suka buɗe gidajen abinci masu gashin tanderu.

Wani abin da zai ba ku mamaki, a yawancin gidajen Indiya ba naan ake ci kullum ba. Abincin yau da gobe shi ne roti ko capati, wanda ake yi da garin alkama ba tare da yis ba, a gasa shi a kasko. Naan na gidan abinci ne da ranakun biki, saboda ba kowane gida ne yake da tanderu ba.

Shi kuwa tanderu ba baƙonmu ba ne. Indiyawa suna ce masa tandur, Larabawa tannur, mu kuma tanderu, kun ji duk 'yan gida ɗaya ne. Wanda ya taɓa ganin masu gurasa a Jakara cikin birnin Kano suna manna kwaɓi a jikin tanderu, to ya ga yadda ake gasa naan. Bambancinsu yana cikin kwaɓin: na naan ana sa masa kindirmo da mai, kuma ana murza shi ya yi falefale kafin a manna.

Sirrin yana cikin zafi

Tanderun gidan abinci yakan kai zafin digiri 480 a ma'aunin Salshiyas, yayin da obin ɗin gida da ƙyar yake wuce 250. Idan aka manna kwaɓi a bangon da ya yi irin wannan zafi, ruwan da ke cikinsa yakan koma tururi nan take, ya hura 'yan ƙananan ramukan iskar da yis ya riga ya yi. Shi ne kuke ganin burodin ya yi ƙulu-ƙulu. Cikin minti ɗaya zuwa biyu ya gasu, wajensa ya yi ja, cikinsa kuma bai samu lokacin bushewa ba. Idan wuta ta yi sanyi kuwa, sai burodin ya daɗe a kanta, ruwansa ya ƙafe a hankali, a sauke shi da tauri.

Sauran aikin na kwaɓi ne, kuma masu darasin Bayoloji da Kimistiri za su gane shi da sauri. Yis halitta ce mai rai. Yana cin sukari ya fitar da iskar kabon dayoksaid, ita ce take sa kwaɓi ya tashi. A cikin fulawa kuma akwai furotin da idan ya haɗu da ruwa aka murza shi yake zama wani abu mai danƙo da ake kira gulutin, wanda yake riƙe iskar kamar balan-balan. Kindirmo yana ƙara laushi da ɗan tsami-tsamin nan mai daɗi, mai kuma yana hana burodin saurin bushewa.

Kayan haɗi

Wannan awon zai ba ku naan guda 6:

Fulawa, gwangwanin madara 3 (kimanin giram 250)
Yis, ƙaramin cokali 1
Sukari, ƙaramin cokali 2
Gishiri, rabin ƙaramin cokali
Kindirmo mai kauri ko yogot marar sukari, babban cokali 4
Man gyaɗa, babban cokali 2
Ruwan ɗumi, kashi uku cikin huɗu na gwangwanin madara
Bota ko soyayyen man shanu, da tafarnuwa sala 3, don shafawa
Habbatus sauda kaɗan, ga mai so

Yadda ake kwaɓawa

Ku fara da wanke hannu. Ku zuba yis da sukari a cikin ruwan ɗumin, ku bar shi minti 10. Ɗumin ya zama kamar na ruwan wankan jariri, domin ruwan da ya yi zafin ƙona yatsa yana kashe yis. Idan kun ga kumfa ta taso a sama, yis ɗinku yana da rai. Idan shiru, ya mutu, ku nemo wani tun ba ku yi asarar fulawa ba.

Ku tankaɗe fulawa a roba, ku sa gishiri, sannan ku zuba ruwan yis da kindirmo da mai. Ku haɗa da hannu ku yi ta murzawa na minti 8 zuwa 10. Da farko zai riƙa manne muku a yatsu, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata aikin, su yi ta barbaɗa fulawa har kwaɓin ya yi tauri. Ku shafa ɗan mai a tafin hannu ku ci gaba, da kansa zai yi santsi. Kwaɓin naan mai kyau yana da taushi, yana ɗan kama hannu kaɗan.

Ku rufe robar da ƙyalle mai tsabta ku ajiye a wuri mai ɗumi har ya ninka girmansa. Da bazara awa ɗaya ta isa, da hunturu kuwa yana iya kai awa biyu. Idan ya tashi ku raba shi gida 6, ku mulmula kowanne, ku rufe su huta minti 10. Wannan hutun shi ke sa gulutin ya saki, kwaɓin ya daina tsukewa idan ana murza shi.

Kasko a madadin tanderu

Ga dabarar da matan Indiya suke yi a gidajensu. Ana bukatar kaskon ƙarfe mai kauri kuma mai mariƙi. Kaskon zamani mai rufin nan da ke hana abinci kamawa ba zai yi ba, don a nan so ake burodin ya kama. Kada a sa masa mai ko kaɗan.

Ku ɗora kaskon a kan gas ko garwashin gawayi ya yi zafi sosai, yadda idan aka yarfa ruwa zai ƙafe nan take. Risho ba ya dacewa da wannan aiki saboda warin kananzir yana kama burodi. Ku barbaɗa fulawa kaɗan a faranti, ku murza curi ɗaya da katakon murji ko kwalba mai tsabta, ya yi faɗin tafin hannu biyu, kaurinsa kada ya kai rabin santimita. Idan kuna son habbatus sauda, ku yayyafa a sama ku danna ta ta zauna.

Ku shafa ruwa a bayan kwaɓin gaba ɗaya, ku shimfiɗa ɓangaren mai ruwan a kan kaskon. Ruwan ne zai manna shi, kamar yadda gurasa take mannewa a tanderu. Bayan kamar minti ɗaya za ku ga ya yi ƙulu-ƙulu. Sai a kama mariƙin da tsumma, a kifa kaskon a saman wuta da tazarar kamar yatsu huɗu, a riƙa zagayawa da shi har saman ya yi ɗigo-ɗigon ja da baƙi kaɗan. Wannan ba ya wuce daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. A juyo da kaskon, a ɓamɓare burodin da cokali mai faɗi.

Tun yana da zafi ku shafa masa narkakken bota ko man shanu da aka gauraya da dakakkiyar tafarnuwa. Indiyawa da gi suke shafawa, wato tataccen man shanu, ɗan'uwan namu soyayye. Ku jera su cikin ƙyalle ku rufe, tururin zai riƙe musu laushi.

A kula da wuta

Kifa kasko mai zafi ba wasa ba ne. Ku nemi izini a gida tukuna, kuma Umma ko Yaya ko wani babba ya kasance a kusa, musamman a gwajin farko. A naɗe hannun riga, a ɗaure gyale ko hijabi ta yadda ba zai kusanci wuta ba, a kuma nisanta ƙanne daga murhu. Idan kaskon ya yi muku nauyi, ku bar kifawar: ku rufe shi da murfi na minti ɗaya, sannan ku juya burodin da cokali ɗaya gefen ya gasu.

A Indiya ana cin naan da miyar kaza mai kayan yaji, ko dal, wato wata miya mai kauri da ake yi da dangin wake. A gida za ku iya haɗa shi da miyar ja, farfesu, ƙwai ko shayi. Ya fi daɗi a ranar da aka gasa shi. Na farko da na biyu suna iya fitowa a karkace ko su ɗan ƙone, wannan ba komai, a kansu ne ake gane zafin kasko. Maza da mata, ku gwada a ƙarshen makon nan, ku ajiye wa Baba nasa kafin ƙanne su cinye.