Sabara ta dawo gonakin Matamaye

Shekaru arba'in da suka wuce, manomin kirki a ƙasar Matamaye shi ne wanda ya sassabe gonarsa fes, ya tara sabara da kalgo ya banka musu wuta kafin ruwan shuka. Yau a gonaki da yawa na gundumar Kance, inda Matamaye take, manomi kan duba kututturen sabara, ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran ya shimfiɗa ganyen a ƙasa. Wannan shi ne sassaben zamani.

Wuya ce ta fara koyar da shi. Farin 1973 da na 1984 sun bar gonaki tsirara, iska na binne shukar gero da rairayi har sai an sake shuka. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya fara yaɗa dabarar renon kututture. Amma a Damagaram yawanci manoma ne suka kama hanyar da kansu, domin jama'a ta yi yawa, gona ta ƙanƙance, babu sauran saura balle dajin itace. Sai kuma batun mallaka, wanda a ganina ya fi kowane dalili nauyi. A da itace na gwamnati ne, jami'in gandun daji na iya cin mutum tara a kan bishiyar cikin gonarsa. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Da wannan riƙo ya sassauta, dokar gandun daji ta 2004 kuma ta ƙara wa manoma ƙarfin gwiwa, sai itace ya zama dukiya.

Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa itatuwa sun farfaɗo a kusan hekta miliyan 1 a Magarya, Matamaye da Mirya. Gawo ke kwashe yabo, kuma ya cancanta. Sai dai sabara na nata aikin a ƙasa-ƙasa. Duba gindinta da rani: tudun ƙura ne da busasshen ganye da kashin awaki, duk abin da iskar hunturu ta ɗauko ta tare shi. Geron da ya fito a nan ya fi na nesa kauri. A Senegal, masu bincike sun nuna a 2018 cewa saiwarta kan jawo ruwa daga can ƙasa da dare, ta sake shi kusa da sama, gero ya sha. Mata sun samu makamashi kusa da gida, ga ganyen da ake dafawa don ciwon ciki da wankan jego.

Amma akwai matsaloli. In ba a datse sabara a kan kari ba, tana shanye wa shuka haske. Ɓarayin itace kan sare abin da mutum ya yi shekaru yana reno, makiyaya kuma na kukan an matse musu hanya. Wanda ke noman aro ba ya reno, tunda ba shi zai mora ba.

Nan ne aiki ya rage wa masu gari da hukumar gunduma. A tabbatar wa mai reno cewa itacensa nasa ne, a hukunta mai saran dare, a kuma zauna da makiyaya a shata burtali kafin damina.