Rubutu da Haske a Cikin Gilashi

Bambancin gilashi da kiristal, watau dangin gishiri da lu'ulu'u, yana ga yadda ƙwayoyin zarrarsu suka zauna. Na kiristal a jere suke sahu-sahu kamar sojoji a filin fareti, na gilashi kuwa barkatai, tamkar jama'a ran kasuwa. Gilashi yana da araha da sauƙin sarrafawa, amma akwai aikin da sai kiristal, alal misali sauya launin hasken leza. Ga shi kuma renon babban kiristal akwai wuya da tsada.

A 1953 wani masani a kamfanin Corning na Amurka, Donald Stookey, ya sa gilashi a tanda, sai zafin ya zarce digiri 600 da ya nufa, ya kai 900. Gilashin ya fito fari fat kamar tangaran, ya suɓuce ya faɗi bai fashe ba. Ashe ƙananan kiristal ne suka tsiro a cikinsa. Illar tanda ita ce ba ta zaɓe, duk gilashin take gasawa.

Nan ne leza ta yi rana. Takayuki Komatsu da abokan aikinsa a Nagaoka ta ƙasar Japan sun riƙa haɗa gilashi da samariyam, ɗaya daga ma'adinai 17 da ake kira "masu wuyar samuwa". Sunan ya yi musu yawa, domin wasunsu sun fi dalma yawa a ƙasa. Rarrabe su ne jidali. Samariyam yakan sha hasken leza mai tsawon zango nanomita 1064, ya mai da shi zafi a daidai ɗigon da aka auna. In aka ja hasken sannu a hankali, sai zaren kiristal, wanda bai kai kaurin silin gashi ba, ya riƙa tsirowa a bayansa kamar tawada a bayan alƙalami.

A ganina gwanintar duka tana ga saurin jan. In aka yi gaggawa ƙwayoyin ba sa samun sukunin shiga sahu. In zafi ya yi yawa gilashin ya tsage, ko kiristal barkatai su tsiro, kowane da inda ya fuskanta, su watsa hasken da ake so su bi da shi.

A 2015 masana a Jami'ar Lehigh ta Amurka sun rubuta zaren kiristal guda a can cikin gilashi, haske ya shiga ta wannan baki ya fita ta wancan. Sai dai hasken da ya zube a hanya ya fi na zaren gilashin sadarwa nesa ba kusa ba.